Goggon Bakin Taga

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, 'yarki ta kira ni daga asibiti ta ce kin cika. Ina tsakiyar shanya ne. Na ajiye bokitin, na zauna a kan matakala.

Goggo, 'ya ɗaya tak kika haifa, amma duk wanda ya kama haya a benen nan Goggo yake kiranki. Ɗakinki a ƙasa yake, tagarsa na kallon tsakar gida, inda famfo da igiyar shanya da kwandon shara suke. A bakin tagar nan kika kafa keken ɗinkinki tun kafin in tare a gidan. Idonki na kan allura, amma babu mai wucewa ba ki gaishe shi ba.

Ban taɓa jin kin yi wa kowa faɗa ba. Gaisuwa ce kawai. Makanikin da ke hawa na biyu ya saba wurgo ledar shara daga sama, amma da ya ji "Sannu da hutawa, ɗana," sai ya sauko yana sosa ƙeya ya ɗauke abarsa. A layin famfo, muddin labulenki a ɗage yake, mai jarkoki da yawa yakan ce wa mai goyo ta fara ɗiba.

Ba mu san nauyin idonki ba sai shekarar da aka yi miki aikin yanar ido, kika tafi jinya wurin 'yarki. Famfo ya fara yoyo, kowa ya tsallake ruwan ya wuce, yana jiran wani ya kira mai gyara. Shara ta taru. Mata biyu suka daina gaisawa saboda igiyar shanya. Da kika dawo da baƙin tabarau, likita ya hana ki ɗinki, amma kika ce a sa miki kujera a mazauninki. Kafin azahar an share tsakar gida tas, makaniki ya durƙusa a gindin famfo da sufana. Na kawo miki ruwa, kika kama hannuna kika ce a hankali, "Wa ke shara da ƙarfi haka?"

Na ce, "Goggo, ba kya gani?"

Kika ce, "Ko tafin hannuna ba na gani sosai, 'yar nan. Amma kada ki gaya musu." Muka yi ta dariya har kika dafe idon.

Sai aka rufe masana'antar da yawancin mazan gidan ke aiki, har da maigidana. Aka yi taro aka ajiye babban kwali a ƙarƙashin matakala, mai hali ya zuba kayan masarufi, mai buƙata ya ɗauka. Mako ya zagayo, rabin sabulu kawai aka samu a ciki. Aka fara cewa mutanen yanzu ba su da tausayi. Ke ba ki ce haka ba. Cewa kika yi a kawo kwalin ƙarƙashin tagarki.

Daga safe zuwa azahar kina zaune, duk wanda ya saka wani abu sai ki ɗago ki sa masa albarka yadda kowa zai ji. Shinkafa ta zo, taliya ta zo, sukari da madarar yara suka zo. Mai shagon bakin titi, wanda kowa ya san hannunsa a dunƙule yake, ya kawo galan ɗin mai, ya tsaya yana gyaran murya har sai da kika ɗago kai. Malamin makarantar da ke hawa na uku bai ji daɗin tsarin ba. Ya ce, "Goggo, kyautar da aka yi don a gani, anya akwai lada a cikinta?"

Kika ce, "Malam, lada tsakanin mutum da Ubangijinsa ne. Ni dai na san yaran da za su ci ba za su tambayi shinkafar da wace niyya ta zo ba."

Bayan la'asar kuwa sai ki sa a ja kwalin zuwa lungun bayan ƙofarki, inda ba a hangowa daga sama. Ki saki labule, ki ƙure rediyo, ki hau keke ko da ba ki da ɗinkin gaggawa. Ina cikin masu zuwa lungun nan. Ranar farko na daɗe a kan matakala, ga yara ba su ci komai ba tun safe. Ƙarar kekenki ce ta ba ni ƙarfin sauka. Na ɗebi shinkafa da mai na koma. Washegari kika gaishe ni kamar kullum, kika tambayi tarin maigidana. Har kika koma ga Allah ba ki taɓa nuna kin sani ba, ko da da ido.

A asibiti ma ba ki canza ba. A gadon da ke kusa da naki akwai wata tsohuwa da ba mai zuwa dubiyarta. Duk wanda ya kawo miki abinci sai ki kalle shi, ki kalli gadon, shi da kansa zai raba kwanon biyu. Da aka fitar da gawarki, tsohuwar ta riƙe 'yarki tana kuka tana cewa, "Yanzu wa zai sa a tuna da ni?" Matan gidanmu sun raba ranakun kai mata abinci a tsakaninsu. Jiya ni na je, ta ci da kyau, ta yi miki addu'a mai tsawo.

Allah Ya jiƙanki, Goggo. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya rufa miki asiri ranar tsayuwa kamar yadda kika rufa wa bayinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki da mijinta da jikokinki, da duk mazauna benen nan manya da yara. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.