Haƙorin Canela a Wuyan Doña Eufemia

Shekara talatin Doña Eufemia tana sayar da ciyawar alfalfa a kasuwar Huancayo, ga masu kiwon zomo da kuwi, wato ɓeran Masar, na yanka. Ba ta taɓa raɗa wa dabba suna ba sai da mijinta ya rasu ya bar mata Canela, wata zomanya mai gajeriyar fuska da ke kwana a ƙarƙashin gadonta.

Don Wilber, mai shagon abincin dabbobi, shi ya yi mata huɗubar banza. "Haba Doña, ciyawa ai ta 'yan tukunya ce. Ko so kike ki soya ta ran Lahadi?" Kunya ta kama ta, ta sayi buhun abincinsa mai launi-launi, mai taushi kamar biskit. Mai ciyawa guda ta hana zomanyarta ciyawa!

Bayan wata takwas Canela ta fara dalalar da miyau, idonta na ruwa. Likitan dabbobi ya buɗe bakinta ya girgiza kai. Haƙorin zomo ba ya daina tsiro, in ji shi, tauna ciyawa ke goge shi. Na Canela sun yi tsawo har sun huda kumatu, ƙashin muƙamuƙi ya yi mugunya. Ya yanke abin da zai yanku, amma ba ta kai mako ba ta mutu.

Eufemia ba ta yafe ba, ba ta ma yi niyya ba. Ta ɗaure haƙori ɗaya da jan zare ta rataya a wuya, ta kwashe ciyawarta ta kasa a ƙofar shagon Wilber. Duk wanda ya fito da buhu sai ta tare shi: "Zo ka ga aikin mutumin can." Shekara biyu tana haka, ko ana ruwa.

Wata safiya Wilber ya fito da kansa, rungume da zomon jikarsa, haɓar zomon jiƙe da miyau.

"Dami ɗaya, Doña," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba. Ciyawar wa ka ce?"

"Don Allah, yarinyar ko abinci ba ta ci."

"Ɗaga murya, tsoho, masu dankali ba su ji ba."

Ya faɗa, layin kasuwa kaf ya ji. Ta shafa haƙorin wuyanta, ta zaɓi dami mafi kyau, ta zare ganye ta miƙa wa zomon a baki. Wilber kuwa ko kallo bai samu ba.