Cire-Cire ta Ƙofar Ɗakin Hoto

A duk faɗin asibitin babu wanda ya tsare rayukan jama'a kamar matar da ake kira Cire-Cire. Sai dai ba ta da shaida ko ɗaya, domin duk waɗanda ta tsare sun koma gida da ƙafafunsu, suna zaginta.

Shekara goma sha huɗu ta yi a kan kujerar roba, a ƙofar ɗakin da babban injin maganaɗisu yake, wanda ake zura mutum cikinsa a ɗauki hoton cikin jikinsa. Injin ba ya barci. Ko an kashe fitila, ƙarfen da duk ya matso zai fizge shi kamar an harba. Aikinta ta raba mutane da ƙarfe kafin su shiga.

"Hajiya, ɗan kunne. Fil ɗin gyale. Rigar maman nan da wayar ƙarfe a ciki?"

"Ke ko kunya ba kya ji?"

"Ni ina ji. Injin ne ba ya ji."

Mijinta tela ne. Yakan ce ita kaɗai ce macen da ke laluben aljihun miji don neman allura.

Wata Talata aka kawo kawun shugaban asibitin, babban ɗan kwangila, bayansa na ciwo. Surukansa biyu na biye da shi, ɗaya riƙe da hularsa, ɗaya da wayoyinsa. An riga an cike masa takardar tambayoyi kan ƙarfe a jiki a ofis, kowane layi "babu". Cire-Cire ta ajiye takardar ta dubi hannunsa. Bayan hannun cike yake da ƙananan tabon ƙuna, tsofaffi.

"Alhaji, ka taɓa aikin walda?"

Surukan suka dubi silin. Su a saninsu an haife shi ne a cikin mota mai sanyi.

Alhaji ya ce, "Ke 'yar nan, kin san da wa kike magana?"

"Ranka ya daɗe, ba da kai nake ba, da idonka nake. Mai walda yakan kwana da ɓurɓushin ƙarfe a ido shekara talatin bai sani ba. Injin nan ya sani. In ya ja shi, idon ya tafi."

Ta tsaya a ƙofar, ta ce sai an fara duba idon da hoton ƙashi. Shugaba ya bugo waya sau biyu, ba ta matsa ba. Ta san kujerarta take sayarwa. Aka kai Alhaji yana huci, aka duba, aka ga ɗan ƙarfe kamar ƙwayar yashi a idon hagu. Likitan hoto ya soke aikin, ya tura shi wani gwajin daban. A takarda an rubuta cewa lurar likita ce ta gano abin.

Alhaji ya tafi da idanunsa biyu, kuma da su ya karanta takardar ƙorafin da aka rubuta masa kafin ya sa hannu: ma'aikaciya ta ci mutuncinsa a gaban surukai.

Kwamitin asibiti ya zauna, ya yi adalci. Bai same ta da laifi ba. Ya dai binciki tarihin ɗakin, ya ga shekara goma sha huɗu ko cokali bai taɓa tashi sama ba, ya gane cewa ɗaki mai lafiya haka ba ya bukatar mai tsaro. Aka mayar da ita sashen wanki. Yanzu tana ninke zannuwan gado, tana tara fil da makullan da take tsinta a cikin gwangwani, ba wanda ya sa ta.

A wurin kujerarta an kafa allo mai ƙafa uku da taya, an rubuta da ja: A CIRE DUK WANI ƘARFE. Kamfanin Alhaji ne ya kawo shi. Na ƙarfe ne, kuma waldar ta yi kyau.