Baƙin da Munkaila Ya Zuba a Ƙorama

Munkaila Basarke ne, mutumin Yauri, kuma in ka cire zancen ruwa daga hirarsa abin da zai rage bai wuce sallama ba. Ubansa masunci, kakansa masunci, shi ne dai Allah ya jarabta da wandon jins. Ya sauka Guangzhou a 2005. Aikinsa, 'yan kasuwar Kwari su turo oda, shi kuma ya hau mota zuwa Xintang, garin da ba a san wata sana'a ba sai ɗinkin jins, ya tsaya a kan masu ɗinki, ya ja zif, ya gwada ɗinki da haƙori, ya raka kaya har bakin kwantena. Sinancinsa kalma huɗu ne: nihaw, sheshe, lawban, meyo. Wato sannu, na gode, maigida, babu. Da su ya yi shekara uku, har da faɗa.

A bayan wata ƙaramar ma'aikatar wanke jins da yake kai kaya akwai ƙorama. Ruwanta shuɗi ne shar, kai ka ce an tuntsurar da karofi. Abokinsa Dogara, Bakano mai harkar takalma, da ya gan ta cewa ya yi a tsoma masa farar shadda a huta da zuwa Ƙofar Mata. Munkaila bai yi dariya ba. Ba launin ne ya dame shi ba, shirun ne. Babu kwaɗo, babu mazari, ko sauro bai yarda ya sauka a kanta ba. Mutumin da ya tashi a bakin kogin Kwara ya san ruwa ba ya yin shiru haka sai da dalili.

Wata rana da azahar, kaya ba su fito ba, ya bi ƙoramar sama yana neman inda zai yi alwala. Ya wuce katangar ma'aikatar, ya wuce bututun da ke amayo shuɗin, ya iske wani tulin ƙyallaye da ledoji da suka shekara suna taruwa har suka toshe hanyar ruwan, sai ɗan abin da ke tsatsowa ta ƙasa. Da ya haura tulin sai ya tsaya. Ruwa garau, ana ganin tsakuwa. Gaba kaɗan, a ƙarƙashin gora, wani ɗan gurbi da bai fi faɗin ɗaki biyu ba, cike da wasu 'yan kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, jela ja, da wani zare mai walƙiya a haƙarƙari. Ya gama alwala, ya ɗago, sai kututturen da ke gefensa ya yi tari.

Tsoho ne, zaune tun ɗazu. Sunansa Kwok, Munkaila ya ƙara masa Baba. Hirarsu da hannu suka yi ta. Tsohon ya nuna kifayen, ya buɗe hannu ya zagaya duwatsun wurin, alamar da can ko'ina akwai su. Sannan ya nuna gabas ya ce meyo. Ya nuna yamma, meyo. Kudu, arewa, meyo. Ya nuna gurbin, ya ɗaga yatsa ɗaya.

Tun daga ranar nan, Lahadin Munkaila ta zama ta ƙorama. Shi da Baba Kwok suka tsince kwalabe, suka jera duwatsu inda gaɓa ke zaizayewa, suka dasa ciyawa don kifin ya sami inda zai yi ƙwai. Abu ɗaya ne tsohon bai yarda ba. Duk lokacin da Munkaila ya kai hannu kan tulin ƙyallayen nan sai ya riƙe masa riga ya ce meyo. Munkaila ya fassara wa kansa cewa tsoho na nufin aikin ya fi ƙarfinsu. Ya ce a ransa, Baba bai san Sarkawa ba.

A farkon 2008 tsohon ya tafi bikin sabuwar shekararsu wurin 'yarsa. Munkaila ya ɗaura niyyar yi masa bazata. Lahadi uku yana jan ƙyalle cikin sanyi, har hanya ta buɗe, ruwan sama ya gangara ya haɗu da na ƙasa babu shamaki. Saura abu ɗaya. A gidansu, in an gyara tafki sai an sa masa babban kifi. Kakansa kan ce ruwan da ba babba a ciki kango ne, kowane irin abu na iya tarewa.

Babban ya samu ne ta hannun Fasuma, 'yar zangon Kumasi da ke dafa wa 'yan kasuwa tuwo a wani bene kusa da titin Guangyuan. Ya raka ta kasuwar kifi, sai ga tarwaɗa a baho, baƙa, mai gashin baki, irin ta gida sak. Ashe kiwonta ake yi a ƙasar. Ya durƙusa yana kallonsu kamar ya ga 'yan unguwarsu a tasha.

"Sarkin Ruwa, gaisawa za ku yi ko saya za ka yi?" in ji Fasuma.

"Hajiya, biyar nake so. Da ransu."

"Da ransu? Aure za ka yi musu?"

"Gida na sama musu."

Ya kai su a bokiti, ya yi bisimilla, ya zuba. Suka nutse ba tare da ko motsa ruwan ba.

Da Baba Kwok ya dawo, ya tsaya inda tulin yake a da, ya daɗe. Munkaila na gefe yana washe baki, yana jiran sheshe. Suka ƙarasa gurbin, daidai lokacin wata tarwaɗa ta ɗago kai ta shaƙi iska ta koma. Tsohon bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi sauƙi. Zama ya yi a kan dutsensa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, irin zaman da ake yi a gidan makoki.

Kafin damina ta kankama kowa ya ga abin da tsohon ya gani. Kifayen da ke yawo garke-garke suka koma 'yan tsiraru, maƙale a bakin gaɓa inda ruwa bai kai idon sawu ba, duk sun juya kai waje kamar masu neman hanyar fita. Kwaɗin wurin suka daina kuka. Shirun nan na ƙasa ya hauro sama. In an kwana ana ruwa, da safe sai a ga wasu sawu a laka, kamar an ja igiya mai kauri, daga ciyawa zuwa gurbi. Baba Kwok ya nuna su, ya yi alamar maciji. Munkaila ya girgiza kai. Ya san tarwaɗa na tafiya a tudu in ƙasa ta jiƙe, tana dogara ƙayoyinta. Abin da bai gane ba, sawun duk shiga suke yi, babu na fita.

Ya kafa ƙugiya, ya kama biyu. Sauran suka daina cin koto. Yana cikin wannan sai maganar biza ta taso. Wasannin Olamfik sun ƙarato, aka tsaurara, mutanenmu da yawa suka je sabuntawa suka dawo da kalmar da kowa ya iya. Munkaila ma ya je, aka duba fasfo, aka ce meyo. Kwana tara suka rage masa a ƙasar, ga tarwaɗa uku a gurbin da ya rage wa kifin Baba Kwok a duniya.

Ya sami Dogara da Fasuma a wurin cin tuwo ya ce kwarfa za a yi.

"Me ye kwarfa kuma?" in ji Fasuma.

"A tare ruwa ta sama, a kwashe na gurbin kaf, a kama kifi da hannu a laka."

Dogara ya ajiye cokali. "Basarke, mutane na neman yadda za su kwashe kayansu kafin a kwashe su, kai kana neman mai kwashe maka tafki? Ni da na zo Chana sayen takalmi?"

"Alhaji, ni na kai su. In na tafi na bar su, tsohon nan ba zai iya ba."

"To ai ka ga abin da muke ja wa mutane. An ba ka masauki, ka gayyato dangi, sun cinye masu gida."

Ya faɗa ne don a yi dariya, ba wanda ya yi. Ranar Lahadi sai ga shi da gajeren wando da sabon takalmin roba daga cikin samfurinsa, Fasuma kuma da bahunan wanke-wankenta huɗu.

Da hantsi suka fara. Suka datse ruwan ta sama da laka, suka karkatar da shi ta gefe. Baba Kwok da Fasuma suka riƙe gidan sauro suna tace 'yan kifayen suna sa wa a baho, tsohon na ƙirga su da leɓe. Munkaila da Dogara na kwarfa da bokiti. Rana ba ta fito ba ranar, gajimare ya sauko har kan gora, iska ta tsaya cak. Wajen azahar gurbin ya koma laka zalla. Munkaila ya shiga har gwiwa yana lalube. Ya zaro ɗaya. Ya zaro ta biyu. Ta uku ta soke shi a tafin hannu kafin ya wurgo ta tudu.

"Alhamdu lillahi," in ji Dogara. "Biyar cif. Hajiya, a ɗora farfesu."

Fasuma tana kallon bayan Munkaila. "Sarkin Ruwa," ta ce a hankali, "lakar na numfashi."

Ya juya. Lakar na ɗagowa tana komawa, nan da can, kamar cikin mai barci. Ya sa hannu ya zaro wata. Wannan ba daga bahon kasuwa ta fito ba. Fatarta shuɗiya-shuɗiya ce, duk gyambo, idanunta fari fat kamar dafaffe, gashin baki ɗaya ya gutsure. Ta buɗe baki ta yi wani gurnani, ƙasa-ƙasa. Daga cikin lakar wata ta amsa.

Dogara ya fita daga gurbin, ya bar takalmi ɗaya a ciki, bai koma ɗauka ba.

Goma sha tara Munkaila ya zaro bayan nasa ukun. A nan ya gane abin da meyo ɗin tsohon ke nufi. Ruwan shuɗin da ya ɗauka matacce ne ashe da masu zama a ciki, waɗanda suka tsere daga tafkunan kiwo suka saba da dafin. Tulin ƙyallen nan, da ƙazantarsa da warinsa, shi ne ƙofar da ta tsare su shekara da shekaru. Shi Munkaila ne ya buɗe, da hannunsa, Lahadi uku. Fasuma ta ce ko kyauta ba za ta sa waɗannan a tukunyarta ba. Suka haƙa rami nesa da ruwa suka binne su, suna ta motsi har ƙasa ta rufe.

Sauran kwanakin Munkaila bai leƙa ma'aikata ba, Dogara ne ya raka masa kayan mutane. Shi da Baba Kwok suka ɗebo duwatsu suka gina katanga inda tulin yake, tsayin ƙirji, yadda ruwan sama zai zubo ta kai amma na ƙasa ba zai hau ba. Da gurbin ya sake cika ya kwanta, suka juye bahunan. Arba'in da ɗaya, haka tsohon ya rubuta masa da tsinke a ƙasa. 'Yan kifayen suka tsaya cirko-cirko a ruwan, sannan ɗaya ta yi gaba, sauran suka bi.

Ana gobe zai tashi, ya zauna ya saƙa gura da tsagin gora, irin tarkon da ake kafawa a bakin Kwara, mai shiga ba fita. Guda shida. Bai sa su a ruwa ba. A tudu ya kafa su, uku kowane gefen katangar, cikin ciyawa, ya yi musu shinge mai kai duk abin da ya jawo ciki zuwa bakinsu. Baba Kwok ya ga mutum na kafa wa kifi tarko a busasshiyar ƙasa, ya yi dariya, karo na farko tun dawowarsa. Munkaila ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake kwance gindin a zazzage, ya sa shi ya maimaita sau uku. Sai a na ukun tsohon ya iya ɗaure igiyar. Munkaila ya nuna sama, ya yi alamar ruwa da yatsu, ya nuna gura: duk safiyar da aka yi ruwa, a zo a duba. Tsohon ya gyaɗa kai. Shekararsa saba'in da shida, kuma hawa zuwa gurbin na ɗaukarsa awa guda.

Kafin su sauka Munkaila ya leƙa ƙasan katangar, inda farin ruwa ke zuba cikin shuɗi. Da farko ya ɗauka duwatsu ne suka zubo daga ginin. Kawuna ne. Sun jeru a saman ruwan, baki a buɗe, fararen idanu na fuskantar sama, ba mai motsi. Ya fara ƙirgawa, ya kai talatin, ya bari. Baba Kwok ya zo ya tsaya kusa da shi, dariyar ta tafi. Can bayan dutse hadari ya yi ƙugi, ɗigon farko ya faɗo a kan ciyawa, sai tarwaɗar bakin layin ta juya, ta ɗora haɓa a kan gaɓa.