Ranar da Sarkin Pawanmu Ya Rasu a Waya

Wasu shekaru da suka wuce, lokacin ina zaune gidanmu a Tudun Wada ina jiran aiki, na tsinci kaina ina shugabantar wani guruf na wasa a waya. Gari muka ƙirƙira, kowa ya ɗauki matsayi: wannan alƙali, waccan dillaliya, wani ɓarawon akuya. Kullum sai mu yi ta rubuta labarin garin tare. Ni ce admin, aikin da babu ko sisi sai ciwon kai. Alƙali ya yanke wa dillaliya hukunci a wasa, ita kuma ta kira ni da kukan gaske. Mahaifiyata har cewa take, "Ke da wayar nan, kamar ungozoma."

Muna da al'ada: duk wanda zai bar guruf, sai a kashe shi a labari, a yi masa jana'iza. Wani ɗalibin jami'a da ke fitowa a Sarkin Pawa ya ce karatu ya sha masa kai, a sallame shi. Aka sallame shi lafiya: a labarin, wani sa ya take shi a mayanka. Sai wata sabuwar shiga, don ta burge, ta ɗauko hotonsa na gaske, ta rubuta Innalillahi da sunansa, ta ɗora a sitatus.

Ina wanke-wanke abokin ɗalibin ya kira ni. "Anti, hoton ya fita. Har gurufan 'yan unguwarsu ya kai. Shi kuma yana ɗakin jarabawa, wayarsa a kashe. Mamansa tana da hawan jini fa."

Nan take na kira mai sitatus ɗin. Na sa yarinyar ta goge, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Na zari hijabi, da kumfa a hannuna, na tare keke zuwa gidansu a Hanwa, abokin yana min kwatance a waya. Duk tsayawar da mai keken ya yi don ɗaukar fasinja, ji nake kamar in shaƙe shi. Ba abin da nake hangowa sai tsohuwa a ƙasa, ana yayyafa mata ruwa.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ko gaisuwa ban gama ba, sai ga wata maƙwabciya ta faɗo da salati, waya a hannu. Ban san lokacin da na sha gabanta ba.

"Mama, yana da rai! Wallahi yana da rai, jarabawa yake!"

"Wa ke da rai?" in ji tsohuwar. "Ke 'yar wace ce?"

Maƙwabciyar ta riga ta miƙa mata hoton. Tiren ya zame, shinkafa ta watse. Na durƙusa ina bayanin gari, da sa, da Sarkin Pawa, ina jin kaina kamar mai taɓin hankali. Ba ta saurare ni ba. Damƙe hannuna kawai ta yi, idonta a ƙofa, tana ta ambaton Allah. Haka muka zauna har ɗan nata ya shigo da jakarsa, yana tambayar me aka dafa.

Sai da ta shafa fuskarsa, ta sha maganinta, sannan ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.

"'Yata, a garin nan naku na waya, mutanen ba su da uwaye ne?"

Na yi ta tsare guruf kada a yi zagi, kada a yi batsa, ban taɓa tuna cewa kowane ɗan wasa akwai mai jiran dawowarsa gida ba. Har yau in na ga hoto da Innalillahi a sitatus, sai gabana ya faɗi. Na daɗe da sauka daga admin, amma dokar da na kafa a ranar tana nan: ba a mutuwa a garinmu. Mai son tafiya, fatauci ake tura shi.