Gurmin Baba a Cikin Kwamfuta

Mahaifina makaɗin gurmi ne, masunta yake yi wa kiɗa. Kafin a datse Kwara a Kainji, ƙauyenmu yana bakin ruwa, kusa da Wara. In za a fita su, yakan zauna a tsakiyar jirgi, kiɗansa yana bin filafilin matuƙa. Inda ruwa ke gudu ya gaggauta, inda ya kwanta ya sassauta. Ina yarinya lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

Da ruwa ya ci ƙauyen, aka maida mu sababbin gidaje a tudu. Tabkin da datsewar ta haifar ba ya gudu, daga baya kuma jirage masu inji suka shigo. Baba ya rage kiɗa. Kafin ya rasu wani malamin makaranta ya ɗauki waƙarsa ɗaya a kaset, ya ba ni. Ta daɗe a akwatina har danshi ya cinye tsakiyarta.

Bara na kai wa ɗana, wanda ke haɗa kiɗa da kwamfuta a wani ɗan shago a Yelwa.

"Inna, zan iya rage ƙarar," in ji shi. "Amma abin da ya goge, sai dai na'ura ta yi hasashe."

Na ce ta yi.

Ya sha wahala a kai. Ya ce kwamfuta ƙirga bugun da ta ji take yi, ta lissafa wanda zai biyo baya. To bugun Baba ba ya tsayawa wuri ɗaya, ruwan da yake bi kuma ba ya cikin kaset. Hanyoyin da waƙar za ta iya bi sun fi ƙarfin lissafi, kuma ba abin da zai nuna mata ta gaskiya. Ta dai zaɓi ɗaya.

Da ya sa mini, na ji daɗinta. Na yi ta saurare kullum.

A da akwai ɗan guntun tsakiyar nan da nake rerawa in ina aiki. Wata rana ina gyaran kifi na neme shi, sai na kwamfuta ya zo bakina. Na sake gwadawa, shi ne dai.

Na faɗa wa ɗana. Ya goge na kwamfutar, amma nawa bai dawo ba.

Na tafi Shanga wajen gwaggona, ƙanwar Baba, ko ita ta riƙe waƙar. Na tarar kunnenta ya tafi. Ta kama hannuna tana tambaya ko 'yar wa ce ni.