Koren Layi a Shagon Hoton Kawu

Kawuna yana da shagon hoto a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Ni kuwa a lokacin ina koyar da kwamfuta a wata sakandaren mishan, saboda haka dangi suka ɗauka duk abin da ke da allo da maɓalli bai fi ƙarfina ba.

Kowace Asabar Kawu yana wurin biki ko jana'iza da kyamararsa, wani lokaci a gari, wani lokaci har Zonkwa ko Kagoro. In ya dawo da hotuna jibge, sai ya rage girman kowanne, ya buga sunan shago a gefe, sannan ya kwafe wa mai su a filash. Ɗaya bayan ɗaya yake yi da hannu, har Talata bai gama ba. Da aka ba mu hutun Ista na zauna na rubuta masa 'yar manhaja da za ta yi duka. Maɓalli ɗaya ne, a ƙasansa kuma wani koren layi da zai riƙa cika a hankali, yana nuna inda aiki ya kai.

A gida na gwada da hotuna kaɗan, komai lafiya. A shago ne abin ya nuna halinsa. Da an danna maɓallin sai fuskar manhajar ta daskare, ta yi fari kamar an yayyafa mata gari, layin ya tsaya cik a farko. A ciki aiki na tafiya, amma ido ba ya ganin komai. Sai an gama kaf, layin ya yi tsalle ɗaya ya cika.

Kawu ba mai jira ba ne. In ya ga fari sai ya hau danna maus, in ya gaji ya danne maɓallin wuta ya kashe kwamfutar ɗungurungum. Aikin ya koma farko.

Wata Laraba ina tsakiyar aji wayata ta dame ni. Da aka tashi na hau mashin cikin yayyafi na nufi shago. Na tarar da wata mata daga Kwoi zaune a benci da jakarta a cinya. Hotunan jana'izar surukinta ta zo karɓa, tun safe, kuma ta bar citta a shanya a gida.

"'Yata, abin naki ya mutu," in ji Kawu. "Sau uku ina kashe shi ina kunnawa."

"Kawu, bai mutu ba. Aiki yake yi. Kashewar da kake yi ce ke mayar da shi baya."

"Mai aiki yana motsi. Wannan ko numfashi ba ya yi."

Na danna maɓallin, na tsaya a gaban kwamfutar na tare ta da jikina don kada ya kai hannu. Mu uku muka zuba wa farin allo ido. Matar ta dubi sama ta ƙofa, ta ce a hankali, "Ruwan nan ya riga ya taɓa cittata." Da layin ya yi tsallensa ta karɓi filash ɗinta, ta yi godiya ga Kawu, ni ko kallona ba ta yi ba.

Na san inda matsalar take. Manhajar hannu ɗaya gare ta. Hannun da ke rage hotuna shi ne kuma zai zana layin a allo, kuma ba ya sakin wancan ya kama wannan sai ya gama. Sanin ciwo daban, magani daban.

Da farko na bi gajeriyar hanya. Na sa ta riƙa ɗagowa bayan kowane hoto ta zana layin, ta saurari maus, sannan ta ci gaba. Layin ya fara tafiya, yana ɗingishi. Amma tunda yanzu tana sauraron maus, in Kawu ya ƙara danna maɓallin don ta yi sauri, sai ta soma wani aikin a kan na farko. Haka sunan shago ya fito sau biyu, ɗaya kan ɗaya, a gefen farar rigar wata amarya. Uwar amarya ta dawo da hotunan da kanta. 'Yar zumuntar mata ce a cocinmu, ranar Lahadi kuma sai da ta tsayar da mahaifiyata a bakin ƙofa ta ba ta labari.

Sai na koma hanyar da ta dace. Na raba aikin biyu: ɓangare ɗaya yana can baya yana fama da hotuna, ɗayan yana gaba yana kula da allo. A kwamfutata ya yi kyau har na yi murmushi ni kaɗai. A tsohuwar kwamfutar Kawu kuwa, yau ya yi, gobe manhajar ta rufe kanta ba sallama. Babu abin da ya fi ci mini rai kamar kuskuren da ba ya zuwa in kana kallonsa. Na yi ta neman amsa a intanet da netwok da ke zuwa yana tafiya, ina tsaye a bayan ofishin malamai inda ya fi kamawa. A ƙarshe na gane cewa na baya ba shi da izinin taɓa layin da kansa. Saƙo zai ajiye cewa ya gama kaza, na gaba ya riƙa leƙawa yana ɗauka, shi ya matsar da layin. Na gyara haka, na kuma sa maɓallin ya kulle kansa har a gama.

Na kai masa ranar Juma'a. Layin ya tafi sumul, ya cika, sannan ya tsaya a cike aikin bai ƙare ba. Na manta ban lissafa kwafewa zuwa filash ba, kuma filash ɗin kasuwa ba su san sauri ba.

Kawu ya cire tabarau ya ce, "Malama, ki sa shi ya riƙa tafiya kawai. Ko yana aiki ko ba ya yi. Mutane su ga motsi, shi ke nan."

"Wannan ai ƙarya ce, Kawu. In ya cika ka zare filash alhali bai gama ba fa?"

"To ki sa ya riƙa tafiya a hankali."

Na ji muryata za ta tashi, sai na miƙe. Na tattara na koma gida, na ƙara kwafewar cikin lissafi, na sa rubutu da Hausa a ƙasan layin yana faɗin abin da ake yi: ana rage hoto, ana buga suna, ana kwafewa. Wannan karon ya yi daidai. Kawu ya kalle shi daga farko har ƙarshe hannunsa a aljihu, ya ce kamar dā ya fi sauri. Na ce masa lokacin ɗaya ne. Ya ce shi dai haka ya gani.

Bayan wasu makonni na biya ta shagon, na tarar an juya allon yana fuskantar bango. Na tambaye shi dalili.

"Tun da kika sa rubutun nan mutane ba sa zama a benci," ya ce. "Kowa ya zo ya tsaya a kaina, yana karantawa, yana cewa me ya sa nasa ya tsaya a rabi. Wani ma jiya ya ce in bari ya danna da kansa."

"To kai yaya kake sanin ya gama?"

Ya nuna filash ɗin da ke maƙale a gefen kwamfutar. "In 'yar wutar nan ta daina ƙiftawa."

Na zauna a bencin, na roƙe shi ruwan sha.