Bokitan Yaya Sule

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sule, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata da 'ya'ya, ya bar garkar dabino a ƙauyenmu kusa da Bagwai, aka ɗora mini kula da ita.

Ban san abin da Yaya yake tsoro kamar wani jan ƙwaro mai dogon baki ba. Ƙwaron kan yi ƙwai a jikin dabino, tsutsarsa ta cinye cikin kututturen, ganye na nan kore shar, sai ranar da kan bishiyar ya faɗo. Tarkonsa bokiti ne mai huji a gefe, da ruwa da ruɓaɓɓen dabino da guntun rake a ciki. Yaya yakan binne shi rabi a ƙasa can bakin shinge, duk Juma'a ya sake ruwan. Na taɓa tambayarsa dalilin nisan. Ya ce, "Kai ɗan boko, warin nan kiransu yake yi. A tsakar gidanka za ka kira ɓarawo?"

Na yi dariya, na manta.

Bara da na ji ƙwaron ya shiga garkar maƙwabta, sai na fito da bokitan, na rataye su a jikin bishiyoyin, yadda muke ɗora amya. Na koma Kano bakin aiki, wata guda ban leƙo ba. Ruwan da zai nutsar da ƙwarin ya ƙafe, warin bai daina kira ba.

Bishiya uku sun faɗi. Da Yaya zai ga garkar yau, ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne a kututture kamar yadda ya saba, yana sauraron tauna.

Babbar bishiyar tana nan tsaye, wadda ya dasa ranar sunan 'yarsa ta fari. Makon jiya matarsa Hajara ta ce mini, "Baban Amina, bana ma za mu sami na buɗe-baki a jikinta ko?" Na ce in Allah Ya yarda, ban dube ta ba.

Na mayar da bokitan bakin shinge, ba na tsallake Juma'a. Wannan na gada daga gare shi, a makare. Ashe har kunnen na gada. Jiya da hantsi na kara nawa a jikin babbar, na daɗe a tsaye. Akwai ƙara siririya a ciki, kamar mai taunar gyaɗa da baki a rufe.

Har yanzu ban gaya wa Hajara ba.